Daga Obalende zuwa Dodan: Yadda Ikko ta haɗiye barikinta

Wanda ya sauka daga danfo a ƙarƙashin gadar Obalende da magariba, hayaƙin tsire ne zai fara tarbarsa, sannan ihun kwandastoci, sannan Hausa ta ko'ina: mai shayi na kiran yaronsa, ɗan canji na ciniki a waya, mai yankan farce na kaɗa almakashi. Yawancin samarin da ke neman abinci a wurin sun ɗauka goro da shanu ne suka fara kawo Bahaushe wannan unguwa. A Agege haka ne. A Obalende kuwa kaki ne ya kawo shi, kuma tafiyar 'yan mintuna daga inda ake gasa tsiren nan akwai barikin Dodan, wanda aka mulki Nijeriya daga cikinsa shekara 25.

Tushen abin yana komawa ga wani hafsan jiragen ruwan Ingila, John Hawley Glover. A 1857 jirgin da yake ciki mai suna Dayspring ya daki dutse a Jebba ya lalace, abin da ya sa Glover ya san hanyar ƙasa tsakanin kogin Kwara da Ikko, wato Legas, ya kuma san mutanen da ke bin ta. Turawa sun karɓe Ikko daga hannun Oba Dosunmu ranar 6 ga Agusta 1861, kuma ba su da sojan da zai riƙe musu ita, domin zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da Bature kafin ya gama sanin gari. A 1863 Glover ya tara mutum 18 ya ba su bindiga. Daga wannan shekara rundunar sojan Nijeriya take ƙirga shekarunta har yau.

Su wane ne waɗannan mutane? Da yawansu bayi ne da aka gangaro da su daga Arewa, suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarabawa. Ana ce musu Hausawan Glover, amma a cikinsu akwai Banufe da Babarbare da sauran waɗanda Hausa ce kawai ta haɗa su. Lissafin Bature a nan a fili yake. Mutumin da ba shi da dangi a gari, ba shi da sarkin da zai ji kunya, kuma 'yancinsa ya rataya ga wanda ya ba shi kaki, shi ne zai harba idan an ce ya harba. Shi kuma bawan da ya gudo ya samu albashi da kariya da matsayin da babu mai sake sa masa mari a ƙafa. Kowa da abin da ya kawo shi. Da waɗannan mutane Glover ya kori Egbawa daga Ikorodu a 1865, da su ya tafi yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, kuma magadansu na cikin rundunar da ta karya Ijebu a watan Mayun 1892. A 1896 aka raba aiki: 'yan sandan Ikko suka ɗauki tsaron gari, rundunar Hausawa ta tsaya kan aikin soja. A farkon ƙarni na 20 ta zama bataliyar Ikko a cikin rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, sannan a 1914 aka narkar da komai cikin rejimantin Nijeriya.

Akwai ɗaci a wannan tarihi, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli, hafsoshinta ne kawai Turawa da 'yan sajan-sajan. Masu riƙe da bindigogin da Hausa ake ba su umarni. Wannan na cikin abin da ya sa kalmar bariki ta yi wari a Arewa shekara da shekaru, har "ɗan bariki" ya zama zagi, uba kuma ya gwammace ɗansa ya yi dako da ya shiga soja.

Labarin da mutanen Ikko ke bayarwa shi ne sojojin nan sun fara zama ne a cikin tsibirin, wajen tsohon filin sukuwa, inda Dandalin Tafawa Balewa da Kwalejin King's suke a yau. Da aka buƙaci filin sai aka tura su gaba, can bakin fadama ta wajen Ikoyi. Sunan da aka sa wa wurin da Yarabanci yana nufin "inda sarki ya koro mu". A zamanin Gwamna William MacGregor, wanda ya riƙe Ikko daga 1899 zuwa 1904, aka haƙa magudanar da ta raba Ikoyi da tsibirin Ikko. Sai ya zama gari na gefe guda, unguwar Turawa na ɗaya gefen, soja da ɗan sanda na tsakiya. Shi ya sa har yau idan ka tsaya a Obalende, barikin 'yan sanda da barikin soja da gidan yarin Ikoyi duk suna kusa da kai. Soja ya yi ritaya ya kafa bukka a bayan wayar bariki, ɗan'uwansa ya zo daga gida ya sauka wurinsa, mahauci ya biyo su, malami ya biyo mahauci. Haka unguwa take tsirowa a jikin bariki.

Kafin a fahimci abin da ya faru da Dodan, sai an raba abu biyu da mutane ke haɗawa: bariki da daffo. Daffo shi ne inda ake ƙera soja. Bariki inda ake ajiye shi bayan an ƙera.

A zamanin Glover babu wannan rabo. Inda soja ke kwana nan ake koya wa kurtu hagu-dama, samanja ɗaya da bulalarsa sun isa. Da runduna ta girma aka ga hakan ba ya yi, domin kowace bataliya tana fitar da soja irin nata. A 1924 aka kafa daffon Zariya, kuma tun daga lokacin can ake yaye kurata, Ikko ta koma wurin zaman waɗanda aka riga aka yaye. Dalilan ba su da wuyar ganewa ga wanda ya san aikin. Mafi yawan kuratan daga Arewa suke, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Zariya. Sai batun fili, wanda ya fi komai. Harsashin bindigar soja, ko tsohuwar .303 mai cin harsashi 10 ko 7.62 ta baya-bayan nan, idan ya kuskure tudun da aka tara a bayan allon saiti yana iya tafiyar kilomita 3 ko fiye kafin ya faɗi. Filin harbi yana bukatar daji a bayansa wanda babu gona, babu makiyayi. A Ikoyi abin da ke bayan kowane fili ruwa ne da masunta a kai, ko gidan wani babban Bature. Ga kuma iskar teku mai gishiri wadda ke sa bindiga tsatsa cikin kwana biyu idan ba a shafa mata mai ba.

Aikin daffo yana tafiya ne bi da bi, kuma kowane mataki da dalilinsa. Ana fara da tantancewa: awon tsawo, duba ido da haƙori da ƙirji, gwajin jini, gudu. Wanda ya tsallake a aske shi, a ba shi lamba da kaya. Makonnin farko fareti ne zalla, daga asuba har rana ta take. Mai kallo daga waje zai ce wahalar banza ce, amma abin da ake nema shi ne jiki ya riga tunani amsa umarni, mutum 30 su motsa kamar mutum ɗaya. Sai a ba shi bindiga, amma ba harsashi tukuna. Zai kwance ta ya haɗa har sai ya iya yi ido a rufe, ya san abin da zai yi idan ta cije. Bayan nan filin harbi: a kwance, a durƙushe, a tsaye, a fara da mita 100 ana duba ko harsasansa suna taruwa wuri ɗaya, a gyara masa saiti daidai da idonsa. Daga nan gurneti, haƙa rami, rarrafe, karatun taswira, tafiyar dare, doguwar tafiya da kaya a baya. Wajen wata 6 ke nan kafin faretin yaye. A nan ne yake koyon cewa shi ɗaya ne cikin sashe mai mutum kamar 10, sashe 3 su yi filatun, filatun 3 su yi kamfani, kamfanoni su haɗu su yi bataliya mai mutum ɗari bakwai ko takwas.

Abin da ke lalata wannan aiki sananne ne. Sabon takalmi yana cin ƙafa, kurtu ya ɓoye ciwon don kada a mayar da shi baya, ciwon ya ruɓe. Gudu da tsakar rana ba tare da isasshen ruwa ba yana kayar da ƙato ya mutu a tsaye. Cunkoso a ɗakin kwana lokacin zafi yana kawo sanƙarau, rijiya ɗaya ta gurɓace kamfani guda ya kwanta da zawo. Amma babbar ɓarna ita ce gajarta horo. An ga haka lokacin yaƙin basasa, da aka riƙa tura yara fagen daga bayan 'yan makonni. Sojan da bai ƙoshi da horo ba yana ƙarar da harsashinsa a iska saboda tsoro, kuma idan yaƙi ya ƙare shi ne ke marin direba a tasha.

Bariki kuwa gari ne ƙarami mai tsari ɗaya duk inda ka je. Gadirum a bakin ƙofa, inda ake tsare mai laifi kuma masu gadi ke kwana. Filin fareti a tsakiya, wanda ba a ratsa shi da wasa. Ofishin kwamanda na kallon filin. Gefe ɗakin ajiyar bindigogi, can nesa ma'ajin harsashi, sai sito na kwatamasta. Mes ɗin hafsoshi daban, na sajan-sajan daban. Sannan layin soja, ɗaki bayan ɗaki, da famfo da makewayi na tarayya, inda magajiya ke shugabantar matan soja, tana raba faɗa, tana tsara shara, tana kai kuka wurin samanja. Sai masallaci da coci da makarantar yara da kasuwar Mami. Begila ce agogon kowa. Ƙa'ida ɗaya a cikin wannan tsari ita ce ginshiƙin sauran: bindiga a wuri ɗaya, harsashi a wani wuri, makullai a hannun mutane daban-daban, kuma ba abin da ke fita sai an rubuta a littafi an sa hannu. Yawancin juyin mulkin da aka yi a ƙasar nan, idan ka bi shi zuwa tushe, za ka tarar da daren da aka karya wannan ƙa'ida.

Harshen wannan ƙaramin gari Hausa ce har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Hafsa Bature sai ya ci jarrabawar Hausa, kuma daga bakin waɗanda suka koye ta a layi aka samu Barikanci, Hausar da ba ta damu da namiji ko mace ba. Sojan wancan lokaci jar dara yake sawa da 'yar shara ja da ɗamara da gajeren wando, ƙafarsa kuma babu takalmi. Yaƙin Hitila ne ya sauya wannan duka, ya kawo takalmi da Turanci da mota, ya kuma kawo sunayen da ke kan ƙofofin barikokinmu.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka kai su Bama su yaƙi Japan. Ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, dajin da mota ba ta shiga, kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jeho su. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ba Janar Wingate cikin dakarun Chindit da ake saukewa a bayan abokan gaba. Ta 82 ta bi ta Arakan, kuma a Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung. Da aka dawo gida sai aka raɗa wa barikoki sunayen wuraren da aka zubar da jini: Myohaung da An a Yaba, Arakan da Tamandu a Apapa, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Dodan ma sunan wani wuri ne a Bama inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza. Bahaushe yana jin sunan ya ɗauka dodo ake nufi, kuma abin da barikin ya zama daga baya bai taimaka wajen gyara wannan fahimta ba. Lambobin ma ba su mutu ba: runduna ta 81 tana Legas a yau, ta 82 tana Inugu.

Bayan samun 'yanci Dodan ya zama mazaunin dakarun da ke gadin shugabannin tarayya. Daren 15 ga Janairu 1966 ya nuna raunin wannan tsari tun ba a je ko'ina ba, domin kwamandan masu gadin da kansa, Manjo Donatus Okafor, yana cikin waɗanda suka shirya juyin. A daren aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa daga gidansa, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Abogo Largema da James Pam da Arthur Unegbe, duk a Legas. Janar Ironsi, wanda ya karɓi mulki bayan haka, ya zauna a fadar gwamnati ta Marina. Da aka yi juyin ramuwa ranar 29 ga Yuli, Yakubu Gowon, yana da shekara 31, ya ga abin da ya samu na gabansa, sai ya ƙi Marina ya shige cikin soja. Gidan da ya zauna yana kan titin Ribadu, wanda ke ɗauke da sunan ministan tsaro Muhammadu Ribadu da ya rasu a 1965. Daga nan "Dodan Barracks" ya daina zama sunan wuri kawai, ya zama yadda 'yan jarida ke cewa gwamnati.

Ranar da ta fi kowace daraja a tarihin wurin ita ce 15 ga Janairu 1970, lokacin da Philip Effiong, jagoran Biyafara bayan tafiyar Ojukwu, ya zo da tawagarsa ya miƙa wuya ga Gowon, yaƙin wata 30 ya ƙare. Amma yaƙin ya bar wa barikoki ciwon da har yau ba su warke ba. Sojan da bai wuce dubu 10 da 'yan kai ba kafin yaƙi ya koma wajen dubu 250. Ɗakunan da aka gina don bataliya biyar ko shida ba za su ɗauki wannan ba. Aka kafa rumfunan kwano na wucin gadi waɗanda suka zama na dindindin, sauran sojoji suka watsu cikin gari suna haya da bindigoginsu. Yunƙurin gina sababbin barikoki na cikin abin da ya haifar da badaƙalar siminti ta 1975, inda aka yi odar tan miliyan 20, miliyan 16 daga ma'aikatar tsaro kaɗai, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaban Apapa, siminti yana daskarewa a cikinsu.

Shin shiga bariki ya tsare masu mulki? Tarihin ya amsa da kansa. Ranar 29 ga Yuli 1975 Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, wanda ya sanar da hamɓarar da shi a rediyo shi ne Kanar Joe Garba, kwamandan dakarun da ke gadinsa. Murtala Muhammad ya ƙi tarewa a Dodan, ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi yana zuwa ofis ba jiniya ba rakiya. Safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 baƙar Marsandinsa ta tsaya a cunkoso kusa da sakatariyar tarayya, mutanen Laftanar-Kanar Dimka suka buɗe mata wuta, suka kashe shi da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Motar tana gidan tarihi na Onikan, ramukan harsashin suna nan a jikinta. Ranar 27 ga Agusta 1985, ana hutun babbar Sallah, Tunde Idiagbon, na biyu a gwamnatin, yana Saudiyya, wasu manjoji suka shiga har cikin gida suka kama Janar Buhari. Ranar 22 ga Afrilu 1990 kuwa aka kawo wa Dodan hari da manyan bindigogi, aka kashe dogarin Babangida, Laftanar-Kanar U.K. Bello, shi kuma shugaban ya sha da ƙyar. A safiyar ne Manjo Gideon Orkar ya karanta jawabin da ya ce an cire Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauci daga Nijeriya. Duk Bahaushen da ke Obalende a ranar ya san abin da wannan jawabi yake nufi ga wuyansa da a ce juyin ya yi nasara.

Dalilan da suka sa wurin ya kasa tsare kowa na cikin ginin kansa. An tsara shi ne don ajiye ƙananan sojoji da iyalansu, don haka katangarsa na jingine da gari, mai tuwo da mai wanki da ɗan makaranta suna shiga suna fita, babu yadda za a san wa ke leƙen me. Hanyoyin fita kaɗan ne kuma duk suna bi ta cunkoso ɗaya, Ikoyi kuma ruwa ya kewaye ta, wanda ya riƙe gadoji ya rufe ta. Gidan rediyon tarayya yana nan kusa a kan titin Ikoyi, saboda haka mai juyin mulki da mota biyu zai iya kai wa fada da makirfo hari a dare ɗaya. Manyan makamai suna Ikeja, nesa da idon shugaban. Sannan abin da ya fi duka: wanda ya kwana a tsakiyar masu bindiga ya miƙa ransa ga mai riƙe da makullin ma'aji. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya riga ya ba da shawarar barin Legas tun 1975, Murtala ya sanar da sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, kwana 10 kafin a kashe shi. An yi ta jan ƙafa shekara 15. Bayan harin Orkar aka daina ja, ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tare a Abuja.

Gwamnati ta tafi, amma matsalar bariki a tsakiyar gari ta zauna, kuma talakan Legas ne ya biya kuɗinta. Lokacin da aka kafa barikin Ikeja daji ne a kewaye da shi. Kafin ƙarshen ƙarni Oshodi da Mafoluku da Shogunle da Maryland sun manne masa ta ko'ina, ma'ajin manyan makamai kuma yana nan inda yake. Yammacin Lahadi 27 ga Janairu 2002 wuta ta kai ga ma'ajin. Bama-bamai suka riƙa tashi suna faɗawa kan unguwanni, tagogi suna fashewa a nesa mai yawa. Sama da mutum 1,000 suka mutu, kuma mafi yawansu ba wuta ce ta ci su ba. Gudu suka yi cikin duhu, ba wanda ya gaya musu abin da ke faruwa ko inda za su nufa, wasu sun ɗauka juyin mulki ne ko yaƙi. Suka auka magudanar Oke-Afa wadda ciyawar ruwa ta rufe ta kamar fili, na baya suna danne na gaba, yawancinsu mata da yara.

Ajiyar makamai tana da dokokinta, kuma ba sirri ba ne. Albarushin zamani yana da wani sinadari da ake haɗa masa don ya hana shi ruɓewa. Zafi da laima suna cinye wannan sinadari a hankali, idan ya ƙare albarushin yana fara ɗumama kansa har ya kama wuta ba tare da an taɓa shi ba. Don haka kowane rukuni yana da lamba da shekarar ƙira, ana ɗibar samfuri ana gwadawa, wanda ya tsufa a kai shi daji a fasa. Ba a haɗa abin tayar da bam da bam ɗin a ɗaki ɗaya. Kowane ɗaki ana binne shi da ƙasa ko a kewaye shi da tudu, yadda idan ya tashi ƙarfin zai yi sama maimakon ya kunna na kusa da shi. Ana sa sandar kama tsawa, ana nome ciyawa tas kafin rani, ana ajiye ruwa da yashi, ba a shiga da ashana ko takalmi mai ƙusa. Tsakanin ma'aji da gidan mutane kuma ana barin tazarar da ake lissafawa da nauyin abin da ke ciki, wadda ga manyan makamai takan kai ɗaruruwan mitoci ko fiye. Wannan ta ƙarshe ita ce gari ke cinyewa, fuloti bayan fuloti, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba, har ranar da abin zai faru.

Dodan na yau yana nan da sojoji da iyalansu, ɓangaren fadar kuma masaukin shugaban ƙasa ne idan ya zo Legas. A ƙaramin kasafin 2023 an ware naira biliyan 4 don gyara wannan masauki. Tsohuwar sakatariyar tarayya da ke kusa, inda aka harbi Murtala a gabanta, ta zama kango shekara da shekaru. Ƙasar Ikoyi na cikin mafi tsada a Nijeriya, kuma duk filin gwamnati da ke wurin akwai idon da ke kansa, don haka maganar tayar da barikokin cikin gari ba za ta daina dawowa ba.

Fitar da manyan makamai daga cikin jama'a wajibi ne, babu jayayya. Tayar da bariki dungurungum kuwa aiki ne da ke da matakai, kuma idan aka tsallake ɗaya talaka ne zai sake biya. Sai an gina sabon wurin tukuna, da ruwa da makaranta da asibiti, kafin a ce wa matar kofur ta naɗe tabarmarta. Sai masu kwance bam sun bi tsohon filin taku bayan taku da na'ura, domin ƙasar da soja ya zauna a kanta shekara 70 tana ɓoye gurneti da harsashi, kuma lebura mai diga ne zai fara samunsu. Sai an san inda 'yan kasuwar Mami da masu sana'ar bakin waya za su koma, waɗanda da yawansu jikokin 'yan mazan jiya ne da ba su san wani gida ba sai nan. A ware ɗakin da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa da filin fareti da gadirum a bar su yadda suke, a buɗe wa 'yan makaranta. Littattafan rajista na bataliyoyi, masu ɗauke da suna da lamba da garin kowane soja, a kwashe su daga sito kafin gara da laima su gama da su, a ɗauki hotonsu shafi-shafi. Shugabannin Hausawan Obalende da na Idi-Araba da na Agege suna da rawar takawa a nan, domin tsofaffin da suka ji labarin Bama daga bakin iyayensu, suka kuma ga tankoki a titin Ribadu da idonsu, har yanzu ana samunsu a sahun gaba na masallatan unguwar bayan sallar la'asar, kuma wayar hannu ɗaya ta isa a naɗi muryarsu.